Zarra, Kwantum da Taura Biyu: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wani malamin kimiyya a makarantar sakandare ya aiko da tambaya daga Katsina: "Malam, ɗalibaina sun ce tunda zarra ita ce mafi ƙanƙantar halitta, ta yaya zan ce musu akwai abubuwa a cikinta?"

Malam, ɗalibanka sun haɗa ma'ana biyu ne wuri guda. Zarra aro ce daga Larabci, kuma yawancinmu a Suratul Zalzala muka fara jin ta, inda aka ambaci aiki gwargwadon nauyin zarra. Malaman tafsiri na farko sun fassara ta da ƙaramar tururuwa, ko ƙurar da ake gani tana yawo idan hasken rana ya ratso ta taga. Ba su ce ba ta rabuwa ba. Alƙur'ani ma ya ambaci abin da ya fi zarra ƙanƙanta, a Suratu Yunus da Suratu Saba'i. Daga baya ne Larabawa suka ɗora kalmar a kan abin da Turawa ke kira atom, mu kuma muka bi sahu muka ce ƙwayar zarra. Zancen rashin rabuwa daga Girkawa ya fito, domin asalin atom a harshensu shi ne "abin da ba ya yankuwa".

Sunan ya zauna, ma'anar ta rushe. A 1897 J. J. Thomson ya gano elektiron, wata ƙaramar ƙwaya mai cajin lantarki da ke cikin ƙwayar zarra, a Kambirij. A 1911 Ernest Rutherford, a Mancesta, ya bayyana sakamakon harba ƙananan ƙwayoyi kan siririn ganyen zinariya: kusan duka sun ratsa sun wuce, 'yan ƙalilan suka dawo baya, alamar akwai dunƙulalliyar cibiya a tsakiya. James Chadwick ya gano niyutiron a 1932, ƙwayar da ke zaune tare da firoton a cikin wannan cibiya. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo ra'ayin cewa firoton da niyutiron su ma haɗi ne na ƙwayoyi uku-uku da ake kira kwak.

Ga abin da za ka rubuta a allo. Ƙwayar zarra kusan miliyan 10 ne za su jeru a tsawon milimita ɗaya. Cibiyar ta fi ƙwayar ƙanƙanta a faɗi sau 10,000 zuwa 100,000, amma ita ke ɗauke da fiye da kashi 99.9 cikin 100 na nauyin. Firoton ya ninka elektiron nauyi sau 1,836. Yawan firoton ke ba sinadari sunansa: haidurojin ɗaya, yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit 92. Shawarata ka riƙe "ƙwayar zarra" ga atom kaɗai, 'yan cikinta ka kira kowanne da sunansa. Zarra ta "ya yi zarra a aji" kuwa fifiko take nufi, babu ruwanta da wannan darasi.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce: "Ko akwai Hausar kwantum?"

Babu wadda ta karɓu ko'ina, don haka a ci gaba da rubuta kwantum. Idan bayani ake so, ni ƙulli nake zaɓa. Mai sayar da gishiri ƙulli-ƙulli ba ta sayar da rabin ƙulli: ko ɗaya, ko biyu, ko uku. Haka Max Planck ya nuna a 1900, cewa abu mai zafi yana fitar da makamashin haske ƙulli-ƙulli ne. A 1905 Albert Einstein ya ce hasken kansa a ƙulle yake tafiya, kuma ƙullinsa ne muke kira foton. Girman ƙulli ya dogara ga launin haske, yawan ƙulli kuma shi ne ƙarfin hasken. Nan mutane suka fi ruɗewa.

Ana gwada wannan a ɗakin gwaji na makaranta. A samo farantin tutiya, a goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli, a ɗora a kan ma'aunin caji mai ganyen zinariya. A goga sandar roba da ulu a shafa wa farantin, ya cika da rarar elektiron, ganyen ya buɗe. A haska jan fitila komai ƙarfinta, ganyen ba zai motsa ba, domin makamashin jan foton bai wuce elektironbolt 2 ba (elektironbolt ma'aunin makamashi ne), tutiya kuwa tana buƙatar wajen 4.3 kafin ta saki elektiron ɗaya. A kawo fitilar altirabayolet irin ta kashe ƙwayoyin cuta, mai foton na kusan 4.9, nan take ganyen zai fara rufewa ko da fitilar ba ta da ƙarfi. Kada kowa ya kalli wannan fitila kai tsaye, tana ƙona ido.

Idan gwajin ya ƙi, a duba ko an goge tutiyar sosai, domin dattin da iska ke shimfiɗa mata yana tare elektiron. Gilashin taga idan ya shiga tsakani yana shanye hasken. Idan da sandar gilashi aka yi cajin, farantin ya rasa elektiron ne, duk wanda ya fita sai a janyo shi ya koma. Da damina kuma laima tana zubar da cajin tun kafin a kunna fitila. Lokacin hunturu ya fi.

Tambaya ta uku daga Kumasi take: "Na ji wani ya fassara ƙa'idar Heisenberg da 'taura biyu ba ta taunuwa'. Ya dace?"

Ya kusa, amma bai kai ba. Taura 'yar itace ce mai ƙaton ƙwallo, naman kaɗan ne a manne da shi, ɗaya ma ta cika baki. Shi ya sa ake buga karin maganar ga mai son haɗa manyan ayyuka biyu a lokaci guda: a ajiye ɗaya, a gama da ɗaya. Ƙa'idar da Werner Heisenberg ya fitar a 1927 ta shafi abu biyu ita ma, wato wurin da ƙwaya take da ƙarfin tafiyarta, wanda shi ne nauyi sau gudu. Bambancin shi ne ba ta ce a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Ana iya sanin duka biyun, kowanne da 'yar tazarar rashin tabbas. Idan aka ninka tazarar farko da ta biyu, sakamakon ba ya taɓa sauka ƙasa da wani adadi da aka ciro daga lambar Planck, wato tsayayyar lambar da ake lissafa girman ƙulli da ita. Ka matse wannan, waccan ta buɗe.

Akwai kuma kuskuren da karin maganar ke ƙarfafawa. Mai jin ta zai ɗauka bakin ne ya yi kaɗan, wato na'urarmu ce ta gaza, wata rana za a ƙera wadda ta fi. Ba haka ba ne. Elektiron yana da ɗabi'ar igiyar ruwa, ba shi da tsayayyen wuri da tsayayyen gudu a tare tun kafin a auna shi. Idan aka tsare shi a fili mai faɗin ƙwayar zarra ɗaya, rashin tabbas a gudunsa ba zai gaza kilomita 580 a daƙiƙa ba. Wannan ne ke hana shi faɗawa cikin cibiya ya kwanta: ƙara matse shi yana ƙara masa kuzari. Ƙwallon taura kuwa nauyinsa ya sa tasa tazarar ta ƙanƙance har babu ma'aunin da zai gano ta.