Wai yaranmu na zango baƙi ne a makaranta?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, wai shin gwamnatin Gana tana ɗaukar nauyin karatun yaranmu ko kuwa sai 'yan ƙasa kawai. Wannan "'yan ƙasa kawai" ɗin ita ta tsaya min a rai wallahi. To mu 'yan ina ne? Kakana fataucin goro ya kawo shi Kumasi tun zamanin Turawa, a nan aka yanke wa babana cibiya, a nan aka yanke tawa, katin ɗan ƙasa na aljihuna, zaɓe ma da mu ake yi.

Ta fuskar doka dai ba mu da kuka. Tsarin mulkin 1992 ya ce ilimin farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, bai ware Batone (wato ɗan ƙabilar Ashanti) da Bahaushe ba. Sakandare ma tun 2017 ta zama kyauta har da kwana da abinci, 'yata ta biyu da haka ta gama, alhali yayarta sai da na sayar da keken ɗinki kafin ta shiga. A shekarar ce kuma aka kafa asusun raya zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi. Tun 1987 akwai sashen makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi, gwamnati ke turo malaman boko tana biyansu, yaro ya yi lissafi ya yi Larabci a wuri ɗaya, wanda da a lokacin babana akwai shi da ya yi boko, don kakana ƙi ya yi ƙememe, ya ce makarantar mishan sai ta canza wa yaro suna. Kuma kar ka ga laifin tsohon, mutum ne da ya ga 1969 da idonsa lokacin da gwamnatin firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fita, ƙaninsa ya bi mota zuwa Najeriya ba su sake haɗuwa ba. Tun daga nan duk abin da ya shafi fom da ofis tsoronsa yake.

Inda abin ke mana ciwo shi ne harshe. Akwai harsunan da gwamnati ta amince a koyar a aji, su Tonanci (harshen Ashanti) da Fante da Ewe da Ga da Dagbani, Hausa ba ta ciki, wai ba ta asalin ƙasar ba ce, duk da a gidan rediyon gwamnati ana labarai da ita, a kasuwa kuwa kowa na yi. Don haka ɗana Tonanci yake rubutawa a jarrabawa kuma yana cinyewa, Hausa sai a gida da makarantar allo. Ranar da aka ba shi fom aka ce ya rubuta garinsu na asali ya zo yana tambayata Kano zai sa ko Kumasi, yaron da ko Legas bai taɓa gani ba. Na ce sa Kumasi.

Na san abin da za ka ce, shi ke nan sun zama Tonawa, balle ka ji uwarsa Batoniya ce. E Batoniya ce, ta musulunta kafin mu haɗu, kuma ita ke korarsu zuwa allo da asuba ba ni ba. Ku can kuna mana dariya wai muna cewa mace "ya zo", to a yi dariyar, amma yaron nan ya kai izu arba'in, in ka zo sallah sai ka ja masa baƙi ka ji.