Zan je Ingila: in ɗauki motar haya mai giya ko otomatik?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan je Manchester bikin kammala karatun ɗiyata, mako biyu zan yi. Shekara 20 ina tuƙi da lasin Nijeriya. Ina so in yi hayar mota, kuma na ga mai giya ta fi otomatik araha. Wacce zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya wa karatun albarka. Lasinka ba matsala: Birtaniya ta yarda baƙo ya yi tuƙi da lasin ƙasarsa har wata 12, muddin bai ƙare ba. Sai dai ka tambayi kamfanin hayar tun kana gida ko suna neman lasin ƙasa da ƙasa.

Don Allah ka ɗauki otomatik, ko da kuɗin ya ɗara. Can ta hagu ake bi, sitiyari yana dama, mu kuwa tun 1972 muka koma hannun dama. Shekara 20 ɗin nan da kake taƙama da ita, ita ce abin da nake ji maka tsoro, don hannu ya riga ya saba. Za ka kai hannun dama neman giya, ka ji ka damƙi ƙofa. Ga shataletale a gabanka, ta hagu ake shiga, dole ka tsaya wa na damanka, motoci sun yi layi a bayanka. A wannan lokacin ba ka buƙatar kuloci ya ƙara maka aiki.

Ranar da ka sauka kada ka taɓa mota. Ka hau jirgin ƙasa ko tasi, ka yi barci, washegari ka karɓa da rana.

Allunan gudu da mil suke, ba kilomita ba: 70 a babbar hanya, 30 a yawancin cikin gari, wasu unguwanni 20. Kyamara ke kamawa, babu wanda za ka ba haƙuri. Kamfanin hayar zai miƙa sunanka ga hukuma, ya kuma cire kuɗin ɗawainiyarsa a katinka.

Inshorar da ke cikin farashin takan bar maka wani kaso ka biya in an kwarzane motar. Ka sayi ƙarin da ke ɗauke wannan kason. Kafin ka tayar, ka zagaya motar da wayarka ka ɗauki hoton kowane tabo, har tayoyi. A gidan mai kuma, famfo mai koren baki fetur ne, mai baƙin baki dizal.

In za ku leƙa Landan, ku bar motar a Manchester. Jirgin ƙasa awa biyu da 'yan mintoci ne, kuma shiga tsakiyar Landan da mota sai an biya kuɗin cunkoso.