Tambayoyinku kan Fasaha: Farantan sola 20 da rahoton oga

Tambaya: Ina aiki a ofishin wata masana'antar roba a Sharaɗa. Mun ɗora farantan sola 20 a rufin ofis, sai oga ya ce in rubuta a rahoton shekara cewa kamfaninmu ya koma makamashi mai sabuntawa, tunda Google ma haka suke rubutawa. Wace manhaja ce za ta tsara min rahoton ya yi kyau?

Amsa: Ɗan'uwa, kana neman mai yi wa amarya lalle alhali ko sadaki ba a biya ba. Ina lambobinka? Wannan ɗabi'a ta rubuta "mun koma sola" ba tare da awo ba tana ci min tuwo a ƙwarya, don ita ke sa a daina yarda da masu faɗin gaskiya.

Mu yi lissafi. A ce kowane faranti wat 500 ne, jimilla kilowat 10 ke nan. A ranar Kano mai kyau, idan ba ƙurar hunturu ta rufe su, za su ba ka yunit 40 zuwa 50. Janaretan da ke juya injinan narka roba fa? Litar dizal ɗaya tana ba da wajen yunit 3, tana kuma sakin hayaƙin kabon kusan kilo 2.7. Idan yana shan lita 200 a rana, yunit 600 ke nan, ban da abin da kuke ja daga KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano. Solarku fanka da kwamfuta da fitilun ofis take riƙewa, ko kashi 10 cikin 100 ba ta kai ba. Wannan kason shi za ka rubuta, kuma ba abin kunya ba ne.

Google da oga yake kafa hujja da su, tun 2017 suke cewa suna sayen wutar rana da ta iska daidai da abin da suka sha a shekara. A lura, a shekara. Da daddare cibiyoyinsu na adana bayanai suna jan wutar layin da ke kusa da su, wanda a wurare da yawa gas ko kwal ke juya shi. Shi ya sa suka ɗaukar wa kansu 2030 a matsayin shekarar da suke son kowace sa'a ta zama da wuta mai tsabta. Kuma a rahotonsu na 2024 da bakinsu suka ce hayaƙinsu ya ƙaru da kashi 48 cikin 100 kan na 2019. In za a kwaikwaye su, a kwaikwayi wannan.

Abin da za ka yi: buɗe shafin Excel mai layi uku, yunit na mita, litocin dizal daga rasit, da abin da manhajar inbata (na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta gida) ta nuna. Ranar ɗaya ga kowane wata ka ɗauki hoton mita da wayarka kafin ka zauna. Na sha faɗa a wannan fili, hoton mita ya fi ƙwaƙwalwar mai gadi. Bayan wata 12 rahoton ya rubuta kansa, ka kai wa oga cikin ladabi.

Tambaya: Wayata tana zafi idan na sa ta caji a shagon mai sola a unguwarmu, Kurna. Sola ce ke ɓata ta?

Amsa: Hajiya, sola ba ta da laifi. Ki duba inda yake jibge wayoyin, galibi kan tebur ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, da caja ta bogi. Ki je da cajarki ta asali, ki cire rigar wayar, ki kuma daina tsayawa kina kallon TikTok tana jone.

Tambaya: Na sayi inbata, amma na kasa haɗa ta da manhajarta ta waya.

Amsa: Malam, yawancin waɗannan na'urori layin Wi-Fi mai suna 2.4GHz kaɗai suke gani. Shiga saitin Wi-Fi ɗinka ka kunna shi, ka sake gwadawa. Kuma ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita, na san har yanzu 12345678 ce.