Ku tambayi makanike: kukan pon ɗin baya

Tambaya daga wani direban Hilux mai jigila tsakanin Tawa da Abalak, a kan pon, wato gidan giyar da ke tsakanin ƙafafun mota mai raba musu ƙarfin injin:

"Assalamu alaikum, malamai. Pon ɗin bayan motata ya soma kuka in na taka mai. Aka sa mini sabon kuron da pinyo a wani garaji, ko wata biyu ba a yi ba kukan ya dawo, har ya fi na da. Mai garaji ya ce kayan jabu ne, mai kanti ya ce makanike ne bai iya ba. Wa ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam, maigida. Kafin ka ɗora wa mai kanti laifi, koma ka tambayi mai garaji abu guda: da me ya auna? In ya ce da hannu ya ji, to ka sami amsarka. Jabu na nan a kasuwa, ba mu musa ba, amma kuron (babban faifai mai haƙora da ke cikin pon) da pinyo (ƙaramar giyar da ke juya shi), ko na kamfani ne, in aka ɗaura su ba awo, ƴan makonni sun isa haƙoransu su cinye juna. Tazarar da ake nema a nan ba ta wuce kaurin gashi biyu ba, yatsa kuwa ba ya jin wannan.

Ga yadda aikin yake a tsohuwar Hilux mai kuron inci 8, wadda ake ciro kan pon ɗinta gaba ɗaya a ɗora bisa tebur. Lambobin da za mu bayar nata ne. Wata mota a duba littafinta.

A fara da tsiyaye mai, a dubi mayen ƙarfen da ke jikin bushon, wato murfin ramin tsiyaye mai. Baƙin gari mai laushi ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe mai sheƙi shi ne mugun labari. A yi alama a mahaɗar kardan, wato sandar da ke kawo juyi zuwa pon, kafin a kwance ta. A cire bututun birki da wayar birkin hannu, a kwance noti huɗu da ke bayan farantin birki, a zaro sandunan ƙafa biyu, sannan kan pon ya fito. Murafen da ke riƙe rulma na gefe, wanda ƴan'uwanmu na tsallaken Konni ke kira boris, su ma a yi musu alama: na dama ba ya zama a hagu, don tare da gidansu aka huda su.

Kuron da pinyo tagwaye ne, tare aka goge su a masana'anta, tare ake canza su. Wanda ya haɗa maka sabon pinyo da tsohon kuron ya sayar maka da kuka. Rulma huɗu, biyu na pinyo biyu na gefe, da juwan-sipi (zoben roba mai hana mai yoyo) da notin pinyo, duk a sa sababbi. Kuron ba a buga shi da guduma. A dafa shi cikin tafasasshen ruwa, ya kai digiri 100, a tsame a goge, zai zauna a mazauninsa da kansa. In ya huce a ɗaure bulon ɗinsa a gicciye, N·m 97 (N·m shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). A ɗora agogon awo a bayansa a juya: in karkatarsa ta wuce milimita 0.10, akwai datti a ƙarƙashinsa, a sake.

Daga nan abu uku ake daidaitawa, kuma kowanne yana taɓa ɗan'uwansa.

Na farko matsin rulman pinyo. Tsakanin rulman biyu akwai wani ɗan bututu mai lotsewa idan ana ɗaure noti. Sau ɗaya yake aiki. Yawancin pon ɗin da ke dawowa da kuka, nan aka yi musu ha'inci: an mayar da tsohon bututu, ko an ɗaure noti da bindigar iska har ya wuce, sai aka sassauta. Ba a sassautawa. In ya wuce, sabon bututu za a sa a faro daga farko. Ana ɗaure notin kaɗan-kaɗan daga N·m 196, ana tsayawa ana gwada ƙarfin da pinyo ke buƙata kafin ya motsa: N·m 1.9 zuwa 2.6 ga sababbin rulma, 0.9 zuwa 1.3 in tsofaffi aka mayar. Wanda ba shi da ƙaramin kile, wato sifana, mai awo, ya ɗaura ɗan ƙarfe a mahaɗar kardan, ya maƙala sikelin rataye a santimita 10 daga tsakiya, ya ja a hankali: kilo 1.9 zuwa 2.6 ne ya kamata ya gani lokacin da pinyo ya motsa. Matsi ya yi kaɗan, pinyo ya riƙa rawa, kuka ya fito in ka saki mai. Ya yi yawa, rulma ya yi zafi ya ƙone kafin ka kai Tabalak.

Na biyu wasan da ke tsakanin haƙora. A riƙe pinyo, a kafa agogon awo a kan haƙorin kuron, a kaɗa shi gaba da baya: milimita 0.13 zuwa 0.18, a gwada a wuri uku ko huɗu na zagayen. Manyan notin gefe ke matsar da kuron; abin da aka sassauta a gefe ɗaya, shi za a ƙara a ɗayan, ƙofa da ƙofa. Murafe a ɗaure su N·m 78.

Na uku, wanda ya fi kowanne faɗin gaskiya, shi ne sawun haƙora. A shafa shuɗin awo a haƙora uku ko huɗu (in babu, bula da aka kwaɓa da ɗan giris ta wadatar), a danne kuron da hannu don ya ji nauyi, a juya pinyo gaba da baya. Sawu mai kyau a tsakiyar haƙori yake kwanciya, ya ɗan karkata zuwa siririn ƙarshen da ke ciki. In ya hau can saman haƙori, pinyo ya yi nisa, a sa masa kal, wato siririn zoben ƙarfe na ciko, mai kauri don ya matso. In ya nutse a gindi, ya shige da yawa, a rage kauri. Duk canjin kal yana nufin a ciro rulma da peres, wato injin matsawa, a sake daidaita wasan haƙora, a sake shafa shuɗi. Sau uku, sau huɗu, ba abin kunya ba ne, kuma shi ya sa wannan ba aikin tsakanin azahar da la'asar ba ne. Saboda haka ake ajiye sabon bututu da juwan-sipi sai sawu ya yi daidai, a sa su a ɗaurin ƙarshe.

In an mayar da komai, a fitar da iska daga birki, a zuba mai GL-5 lamba 90 ko 80W-90 har ya kawo bakin ramin zubawa, lita biyu da ɗan ɗori. Sababbin haƙora suna zafi sosai a farko. Tafiyar farko kada ta wuce kilomita 25 ko 30, a tsaya pon ya huce, kuma kada a yi lodin buhuna da raguna sai an ci kamar kilomita 800, a zubar da man a sa sabo. Naka kuwa, maigida, in haƙoran sun riga sun ci juna a karkace, gyaran awo ba zai kashe kukan ba, sai wasu.

Tambaya daga wani mai kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, a Yamai:

"Na sami kan pon na okaziyo, wato na hannu, mai araha, an ce ya fi nawa ja. In saya?"

Alhaji, ƙirga haƙora kafin ka ƙirga kuɗi. A raba na kuron da na pinyo: 41 da 10 ya ba da 4.10, 43 da 10 ya ba da 4.30, 41 da 9 ya ba da 4.56, 39 da 8 ya ba da 4.88. Motarka mai pon biyu ce, dole gaba da baya su zama lamba ɗaya. In sun saɓa, ranar da ka sa kat-kat a ƙasa mai tauri ƙafafun gaba da na baya za su yi ta jayayya, abin da ya fi rauni ya karye, ko kardan ko akwatin raba ƙarfi. In dukan biyun za ka canza daga 4.10 zuwa 4.88, mota za ta yi ƙarfi cikin rairayi da lodi, amma a kwaltar Doso injin zai ƙara juyi da kusan kashi 19 cikin 100 a gudu ɗaya, ga shan gazuwal, ga agogon gudu mai karatu daga bwat, wato akwatin giya, zai riƙa nuna fiye da gaskiya. Wannan canji ya dace da wanda ya sa manyan tayu, ba da mai yawon cikin gari ba.

Tambaya daga wata hajiya mai motar haya a hanyar Keita:

"An canza juwan-sipi sau biyu, har yanzu mai na jiƙa birkin baya."

Hajiya, ki sa yaron mota ya duba ɗan hancin shan iska da ke bisa pon. Ƙura da laka kan toshe shi. Pon ya yi zafi, iskar ciki ta rasa mafita, sai ta tura mai ta juwan-sipi ko da sabo ne fil. A kwance shi a wanke da gazuwal, a hura a ji iska na wucewa. In a buɗe yake, a dubi zoben da juwan-sipi ke gogawa a jikin sandar ƙafa, in ya yi zurfin sawu a canza shi, a kuma girgiza ƙafar a ji ko rulmanta ya saki. Takalman birki da suka sha mai ba sa wankuwa, sababbi za a sa, ƙafa biyun tare. Da damina kuma, duk ranar da mota ta ratsa kori ruwa ya rufe pon, a buɗe bushon a duba: in man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a zubar da shi a ranar.