Kurkum zai iya maye gurbin maganin amosanin gaɓɓai?

Malama, kin tambaya ko ki ajiye maganin asibiti ki koma shan kurkum. Don Allah kada ki ajiye.

Gaskiya ne kurkumin, sinadarin da ke cikin kurkum, yana rage kumburi, kuma wasu masu ciwon gwiwa sun samu sauƙi da shi. Amma kaɗan ne a cikin garin da muke saya a kasuwa, hanji ma ba ya tsotse shi sosai, shi ya sa ake haɗa shi da masoro. Idan kuwa amosanin nan ne da garkuwar jiki ke cin gaɓɓai, barin maganinsa na asibiti, irin su methotrexate, zai iya lalata su har abada.

Mai shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) ko mai tsakuwa a matsarmama, ya fara sanar da likita kafin ya sha kurkum.