Tambaya da Amsa: Kwamfutar shagona na neman kalmar sirri kafin a gyara agogo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Ƙaura Namoda, kwamfuta uku. Wanda ya saita mana su ya buɗe wa yarana akawun daban da nawa. Yanzu ko agogo yaro zai gyara, ko manhajar firinta zai sa, sai allo ya dushe a nemi kalmar sirrina. Na gaji da tasowa daga gaban kwastoma. Yaya zan kashe abin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah kada ka kashe shi. Mai saitin nan ya yi maka gata.

Duk wanda ya shiga Windows, ana ba shi wata shaida mai ɗauke da sunansa da matsayinsa, kuma kowace manhaja ya buɗe da wannan shaidar take yawo. Saitin kwamfuta kuwa yana cikin wani kundi da ake kira Rajistiri. Akwai ɓangaren kowane mutum, inda yaronka zai sauya hoton allo yadda ya ga dama. Akwai kuma ɓangaren na'urar gaba ɗaya, wanda kowace ƙofa a cikinsa ke da jerin masu izinin karantawa da masu izinin sauyawa. Sai an gwada shaidar da jerin kafin ƙofa ta buɗe. Shaidar yaranka ƙarama ce, shi ya sa ake neman kalmar sirrinka. Kai kanka mai akawun adimin, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, da ƙaramar shaida kake aikin yau da kullum, sai ka amince ake fito da babbar. Tun Windows Vista ta 2007 ake haka. Dushewar allon ma da dalili: don kada wata manhaja ta danna amincewa a madadinka.

A zamanin Windows XP kusan kowa adimin ne, kuma na ga ta'asar da hakan ya yi. An taɓa kawo mini kwamfutar wani shago a nan Gusau, yaro ya sauke manhajar kyauta, ta shiga saiti ta kafa kanta, da an kunna sai ta tashi. Mai shagon na tsaye a kaina, hannu a ka, takardun ɗalibai na ciki. Kwana biyu na yi ina kwaso su.

Manhajar firinta sau ɗaya ake sa ta, ka zauna ka sa da kanka bayan la'asar. Agogon kuwa, in kullum sai an gyara shi, ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin kwamfutar ne ya mutu. CR2032 sunansa. A sauya shi, ka huta da tasowa.