Tambayi Likita: Horon Jiki, Juriya da Inda Wahala Ke Zama Cuta

Tambaya: Likita, na fara ɗaga ƙarfe, yau kwana biyu damatsana da cinyoyina suna ciwo. In daina?

Amsa: Kada ka daina. Tsamin jiki ne, yakan tsananta daga kwana ɗaya zuwa uku sannan ya lafa. Rage nauyin ka ci gaba. Amma in a gaɓa ciwon yake, ko wurin ya kumbura, ka je asibiti.

Tambaya: Gaskiya ne wanka da ruwan sanyi da asubar hunturu yana ƙara taurin zuciya?

Amsa: Ga mai ƙoshin lafiya babu laifi, ko ba komai ka saba wa kanka yin abin da rai ba ya so. Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko sikila kuwa, ya ɗumama ruwansa.

Tambaya: Ina shirin shiga soja. Wani tsohon soja a unguwarmu ne ke horar da mu. Muna gudu da tsakar rana, ya hana mu shan ruwa, ya ce haka ake zama namiji. Tun jiya fitsarina ya koma kalar baƙin shayi, cinyoyina sun kumbura. Abokaina sun ce gajiya ce ke fita.

Amsa: Ɗana, ba gajiya ba ce. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, nemi wanda zai kai ka babban asibiti yau, ba gobe ba.

Abin da ka kwatanta alama ce ta cewa naman jikinka ya farfashe. Idan aka tilasta wa tsoka aikin da ya fi ƙarfinta, musamman cikin zafi babu ruwa, ƙwayoyinta sukan fashe, wani sinadari mai suna mayoglobin ya zuba cikin jini. Shi ne ya rina maka fitsari, kuma shi ne ke toshe ƙananan hanyoyin da ƙoda ke tace jini. A asibiti za a gwada aikin ƙodarka, a sa maka ƙarin ruwa da yawa. Wanda ya zo da wuri yawanci yakan warke sarai. Wanda ya zauna a gida yana jiran ta fita, wani lokaci sai an kai ga wankin ƙoda, kuma kai ma ka san abin da wannan ke ci a aljihun talaka.

Don Allah kada ka biya ta kemis ka sayi diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon cinyar. A wannan hali ƙara wa ƙoda rauni suke yi. Haka jiƙe-jiƙen da za a ce maka suna wanke mara. Abin yana ba ni takaici: yaro ya zo da ƙoda rabi a mace, a bincika a tarar kwana huɗu ana ɗura masa jiƙo.

Sai maganar mai horar da ku. Ba na shakkar da kyakkyawar niyya yake yi, amma ya yi kuskure. Jiki ba ya sabawa da rashin ruwa, ko shekara nawa aka yi ana hana shi. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu aka gwada wannan a kan sojojin Amurka a hamada, aka ga ƙishirwa rage ƙarfin soja kawai take yi. Zafi ne jiki ke iya sabawa da shi, cikin kamar kwana 10 zuwa 14, in ana ƙara aikin a hankali: gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Duk wannan da ruwa yake tafiya.

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Idan kuna gudu wani ya fara tangaɗi ko sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, ba aljanu ba ne kuma ba ragwanci ba ne. Ku kai shi inuwa, ku cire masa kaya, ku yi ta kwarara masa ruwan sanyi kuna fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. Mintuna ke raba rai da mutuwa a nan.

Ka kuma san jinotaif ɗinka, wato gwajin jinin da ke nuna ko kana ɗauke da sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da ciwon ba, kuma mai AS ya fi shiga haɗarin irin wannan farfashewar tsoka in horo ya yi tsanani. Wannan ba ya hana motsa jiki, yana dai buƙatar ƙarin kula.

Juriyar da za ta kai ka Depot, sansanin horar da kuratan soja a Zariya, tashi ne da asuba kullum ko ranka ba ya so, ka ƙara tazara kaɗan kowane mako, ka ware ranar hutu, ka yi barcin awa bakwai zuwa tara. A lokacin hutun ne ma tsoka ke ginuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Amma kada ka koma gudu sai likitan da ya duba ka ya ba ka izini.

Tambaya: Ni ɗan dako ne. In na sha tramadol ba na jin gajiya. Mene ne illar in guda ɗaya ce a rana?

Amsa: Malam, gajiyar tana nan, ƙwayar ta toshe maka jin ta ne kawai. Guda ɗaya ba ta daɗe tana isar mutum, sai biyu, sai uku. Masu lamba 225 da ake sayarwa a tasha sun zarce abin da likita ke rubutawa a sha lokaci guda, suna jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, suna iya tsayar da numfashi. Kada ka yanke ta rana ɗaya in ka daɗe kana sha. Je asibiti a rage maka a hankali.

Tambaya: Zan iya motsa jiki ina azumi?

Amsa: Ƙwarai. Marar nauyi dab da buɗe-baki, mai nauyi bayan an sha ruwa. Mai ciwon suga ya fara ganin likitansa.

Tambaya: Ɗana ya rasa aikinsa wata uku da suka wuce. Ba ya ci, ba ya barci, ya daina fita ko majalisa. Mahaifinsa ya ce a ƙyale shi, wahala ce ke gyara namiji.

Amsa: Hajiya, wahalar da ke gina mutum ita ce wadda yake iya ɗauka, ya huta, ya sake ɗauka. Wadda ta hana shi ci da barci fiye da mako biyu, ta raba shi da mutane, ta fi kama da ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Haƙuri bai hana neman magani ba; hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ki tunatar da Alhaji wannan cikin lalama, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana.

Ki zauna da yaron, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. In sun yi muku nisa, ku fara da babban asibiti mafi kusa a wannan makon.